Ranar Da Na Wanke Igiyar Kakana

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata. Yanzu har tabarau nakan tashi nema alhali yana kan hancina. Amma ranar da na wanke igiyar kakana, wannan kam ko daga barci aka tashe ni zan ba da labarinta tiryan-tiryan, kuma na san da ita za a kai ni kabari.

Lokacin ina matashin malamin makaranta, 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai. Ban daɗe da gama horon malanta ba. Ina da keke, ina da agogon hannu, ina da alƙalami biyu a aljihun gaba, ɗayan ma ba ya rubutu, don ado na soke shi. Kaina ya kumbura ƙwarai. A ganina duk faɗin Fagge babu wanda ya san duniya kamata.

Mu asalinmu Barebari ne, amma a Fagge aka haifi mahaifina, nan kuma aka haife ni. Kakana ne ya kawo mu. Madugu ne a zamaninsa, shi ke jan ayarin fatake daga Kano zuwa ƙasar Borno, su kai tufafi da goro, su dawo da kanwa da mangul a kan jakuna da takarkarai. Ya yi wannan tafiya tun ƙuruciyarsa har zuwa sanda aka shimfiɗa dogo zuwa Nguru, jirgi ya riƙa cinye tafiyar kwanaki a wuni guda, fatake suka watse. Daga gidanmu ana jin kukan jirgi in ya tashi daga tasha, kuma ban taɓa ganin Kaka ya ji kukan nan bai yi tsaki ba.

A lokacin da nake ba ku labari ya tsufa tukuf, idanunsa sun rufe, abokan tafiyarsa duk sun riga shi. Babu abin da ya rage masa na wancan zamani sai igiyar gugansa. Igiya ce ta fata, tufkar hannu, doguwa, ta yi baƙi ƙirin saboda hayaƙi da gumi. Jikinta duk ƙulle-ƙulle ne, kuma a kowane ƙulli akwai wani abu ɗaure: nan ƙyalle, nan wuri, nan guntun fata, nan gashin jelar raƙumi. Ga yadda abin yake. Duk rijiyar da suka sauka a hanya, Kaka yakan zura igiyar har guga ya taɓa ruwa, sai ya yi ƙulli daidai inda hannunsa ya tsaya, ya ɗaura wata alama da za ta tuna masa wace rijiya ce. Saboda haka ƙulle-ƙullen ba su bi jerin hanya ba, zurfi suka bi. Rijiyar da ke kusa da Kano tana iya zama maƙwabciyar wadda ke can ƙasar Manga a jikin igiyar, in dai zurfinsu ya zo kusa. Alamar nan ce kaɗai ke raba su. Wannan duka daga baya na fahimce shi, bayan na yi ɓarnar.

Kullum bayan sallar la'asar yakan zauna a zaure a kan buzunsa, ya ɗora igiyar a cinya, ya riƙa jan ta a hankali tsakanin yatsunsa. Da ya taɓa alama sai magana ta ɓalle.

"Wannan rijiya gaba bakwai ce. Ruwanta zartsi, jaki ya sha da daɗi, mutum kuwa sai dole. A nan muka kwana uku muna jiran ayarin Gumel, har guzurinmu ya soma ƙarewa."

Abin mamaki, in ka tambaye shi labarin hanya ba igiya a hannunsa, sai ya haɗa gabas da yamma, ya sa mutumin da ya mutu tun tuni cikin tafiyar ƙarshe. Tsufa ya cinye masa tunani. Amma da yatsunsa sun sauka kan wuri ko ƙyalle, labarin zai fito cif, da sunan rijiya, da sunan garin da ke kusa, da wanda ya haƙa ta, da irin mutanen da ke zaune a wurin da yadda suke gaisuwa. Duk abin da ya sani ya bar kansa ya koma jikin igiyar nan.

Ni kuwa ban taɓa zama na saurara ba. Sai dai in turo kekena ta zauren in tsokane shi, irin wasan jika da kaka.

"Tsoho, yau ma an tafi Borno?"

"An tafi, ɗan boko. Kai da wannan dokin ƙarfen naka ko Gezawa ba za ka kai ba."

In yi dariya in wuce. Da na san kwanakin nan ƙidayayyu ne, da na jingine keken na zauna.

Ana nan sai wani dattijo ya zo makarantarmu. Malami ne daga wani gidan ilimi na wajen Katsina, farin gemu, magana a hankali, yana aiki da masu tattara tarihin ƙasa da kayan mutanen da. Unguwa-unguwa yake bi yana neman tsofaffin da suka ga jiya, ya rubuta abin da suka sani kafin su tafi da shi. Ya tambaye mu ko akwai mai irin wannan tsoho a gida. Kafin kowa ya buɗe baki na miƙe. Ba kishin tarihi ne ya tashe ni ba, gaskiya, so nake a ce jikan madugu ne ya kawo abin da ya fi na kowa. Na ba shi labarin igiyar, da ƙulle-ƙullen, da tarkacen da ke ɗaure a jiki. Na ga idonsa ya kawo haske.

"Ɗana, na yi shekaru ina yawon nan, ban taɓa cin karo da irin wannan ba. Ranar Asabar da hantsi ka kawo ta Sabon Gari wurin mai hoto, a fara ɗaukar hotonta. Daga nan mu wuce gida mu zauna da Baba, ya yi ta faɗa muna rubutawa."

Da ƙyar Kaka ya yarda. Sai da na yi ta lallashi, na ce sunansa zai shiga littafi, jikokin jikokinsa su karanta. Da safiyar Asabar ya miƙo mini ita da hannu biyu kamar mai miƙa jariri.

"Aro ne, ɗan boko. Ka kai ta, ka dawo mini da ita yadda take."

Na shiga da ita cikin gida na warware ta a rana, sai kunya ta kama ni. Wari take yi na hayaƙi da tsohuwar fata. Tsummokaran nan sun yi dauɗa har ba a gane launinsu. Na ce a raina, wannan za a shimfiɗa gaban mai hoto, a aika hoton har gaban Turawa, a ce daga gidan malamin makaranta ta fito? Ai sai a ce mu ƙazamai ne. Na ɗauko reza sabuwa, da sabulu ɗan kanti, da man gyaɗa a kasko, na tsuguna bakin kwata. Ƙulle-ƙullen kam ban taɓa ba, don na san su ne rijiyoyin. Tarkacen na bi ɗaya bayan ɗaya ina yankewa ina zubarwa gefe, wasu ƙananan ma ruwan wanki ya tafi da su.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina wadda ke kula da Kaka, ta fito daga madafi ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu.

"Kai kuma me kake yi da igiyar Baba?"

"Gyara, Gwaggo. Hoto za a yi mata."

"Shi ya ce ka wanke?"

"Ba sai ya ce ba. Ku ba ku san yadda ake irin wannan aiki ba."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "To, masu boko," ta koma madafi. Ita ma ba ta san zurfin abin ba, don mata ba sa zaman zaure. Na goge igiyar, na shafe ta da mai har tana ƙyalli, na naɗe ta tsaf na ɗaure a bayan keke. Wallahi a ranar ji nake na yi wa kakana babban alheri.

Sabon Garin wancan lokaci, Allah sarki. Da ka tsallaka daga Fagge ka shiga wata duniya: layuka miƙaƙƙu, rufin kwano, ƙamshin burodi mai zafi, garmaho na tashi daga wannan shago, daga wancan ana buga keken ɗinki. Harsuna kala-kala, amma kowa da Hausarsa ta ciniki. Mai hoton wani Bayarabe ne mai fara'a, da ƙatuwar na'urarsa mai ƙafa uku da baƙin mayafin da yake cusa kai a ciki. A bangon shagonsa an zana wani bene da furanni, inda ake tsayar da amare da sababbin ma'aikata. Ya taya ni shimfiɗa igiyar a kan farin zane yana ta yabo.

"Kai, Malam, wannan igiya ya yi kyau! Kamar sabo daga kanti!"

Na ƙara hura hanci. Can sai ga dattijon nan ya shigo da sallama, littafinsa a hammata. Ya durƙusa gaban igiyar, ya ɗauki bakinta, ya bi ta da hannu har ƙarshe. Sannan ya ɗago.

"Ka ce mini akwai abubuwa ɗaure a jikinta."

"Na cire su, Malam. Tsummokara ne kawai da su wuri."

Ya dube ni. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

"Ɗana, kai malamin makaranta ne. In aka ba ka littafi ka kankare rubutun duka, ka bar lambobin shafi, me ka bari?"

Sai a lokacin na tuna ba ƙulli ne ke sa Kaka magana ba, abin da ke jikin ƙullin ne. Na sha ganin yatsunsa suna murza wuri kafin ya buɗe baki, amma ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Mai hoto ya leƙo daga ƙarƙashin mayafinsa yana tambaya ko a ɗauka. Dattijon ya ce a bari tukuna. Muka naɗe igiya muka kamo hanyar Fagge, ina tura keke yana tafe a gefena.

Muka tarar da Kaka a zaure. Dattijon ya tsuguna ya gaishe shi da girmamawa, "Baba Madugu, mun same ku lafiya?" Kaka ya amsa, amma hannunsa na miƙe tun da ya ji ƙarar kekena. Na ɗora masa igiyar a cinya. Ya shafa, ya kai hanci ya sansana.

"Wannan ba igiyata ba ce."

Ya ci gaba da ja har yatsunsa suka sami ƙullin farko. Ya murza, ya juya, ya laluba gaba da baya yana neman abin da ya saba samu. Ya wuce na biyu, ya wuce na uku.

"Ita ce," ya ce a hankali.

Ya koma ƙullin farko ya buɗe baki zai fara, kamar yadda yake yi kullum, sai babu abin da ya fito. Ya rufe bakin. Na ga abubuwan baƙin ciki da yawa bayan wannan, amma ban ga wanda ya kai tsohon nan riƙe da igiyarsa ya rasa ta inda zai kama ba. Na durƙusa na faɗa masa abin da na yi, hawaye na zuba, ni da nake ganin na fi ƙarfin kuka. Bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Na ce maka yadda take."

Gwaggo ce ta cece mu, gwargwadon abin da ya cetu. Ita mace ce da ko tsinken tsintsiya ba ta yarwa. Ashe bayan tafiyata ta tsince tarkacen daga bakin kwata ta zuba a wani tsohon kwano, wai ko za a nema. Ta turo kwanon ta ƙofar zaure tana hararata. Dattijon ya ce kada a zuba masa duka, a riƙa miƙa masa ɗaya-ɗaya. Na ɗauki wani wuri mai tsaga na sa masa a tafin hannu. Ya murza, ya murza, sai fuskarsa ta saki.

"Rijiyar tsamiya biyu. Gaba biyar da kamu ɗaya. Matan wurin kan kawo mana nono a ƙwarya, ba sa karɓar komai sai goro."

Ya auna igiyar da hannuwansa, gaba ɗaya, biyu, har biyar, ya sami ƙullin, ya ce in ɗaura a nan. Na ɗaura.

Haka muka yi kusan wata guda. Kullum da na tashi daga makaranta sai zaure. Dattijon na rubutu da ajami, hannunsa kamar iska, ni ina bi da boko ina ta roƙon a dakata mini. Wata rana mu mayar da alama uku, wata rana guda ɗaya ta cinye mana yammaci, don Kaka zai bi labarin wani takarkari mai taurin kai har a kira magariba. Gwaggo ta riƙa aiko mana da kunun tsamiya, daga baya ma ta daina komawa, ta riƙa zama bayan ƙofa tana ji. Na ji sunayen garuruwan da ƙasa ta rufe, na ji yadda masu dafa mangul ke aikinsu, na ji waƙar da fatake ke yi in sun hango ganuwar Kano daga nesa. Duk tsawon zamana da kakana ban san shi ba sai a watan nan. Har yau in na ji ƙamshin kunun tsamiya da yamma, zauren nan nake gani.

Rijiyoyi marasa zurfi ba su ba mu wuya ba, don ƙullinsu nesa-nesa yake da juna. Can ƙarshen igiyar, wajen masu zurfi, nan aka sha fama. Da muka kai ƙarshe sai ga ƙulli uku kusa da juna babu alama, alamominsu na cikin waɗanda suka bi ruwan wanki. A kwano kuwa saura abu ɗaya tak, wani ɗan dunƙulen baƙin tsumma. Na miƙa masa. Yana taɓawa jikinsa ya tsaya cak. Ya warware tsumman da farce, sai ga ɗan zoben tagulla. Ya yi magana da Barbarci, wanda rabonsa da shi tun rasuwar kakarmu, sannan ya juyo da Hausa.

"Na ƙanina ne. Tafiyarsa ta fari ce. Zazzaɓi ya kama shi a hanya, kwana biyu ya cika. Da hannuna na haƙa masa, gab da rijiya, na cire zoben in kai wa innarmu. Da na dawo na tarar ita ma ta rasu."

Dattijon ya ajiye alƙalami. "Allah Ya jiƙansu. Baba, wace rijiya ce?"

Kaka ya kai hannu kan ƙulli ukun nan, ya taɓa wannan, ya taɓa wancan, ya dawo. Ya ce a ƙullin abu biyu ne ke ɗaure, zoben da alamar rijiyar. Zoben ya tuna masa ƙaninsa, amma alamar ce ke faɗa masa wurin.

"Ɗaya daga cikin ukun nan ce. Ban san wacce ba. Kullum in na iso wurin nakan yi masa addu'a in wuce, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Yanzu ban san inda na bar shi ba."

Muka ji shesshekar Gwaggo daga bayan ƙofa. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Don in rage wa kaina nauyi na ce, "Kaka, mu ɗaura a na tsakiya mana. Ai duk kusa suke."

"A igiya suke kusa, ɗan boko. A ƙasa tsakaninsu tafiyar kwanaki ce. Ba zan ƙaurar da kabarinsa don hankalinka ya kwanta ba."

Dattijon ya ɗauki alƙalami ya rubuta labarin yadda Kaka ya faɗa, da ya zo gurbin sunan rijiya ya rubuta, ba a sani ba. Ya ce ni ma in rubuta haka a nawa, kada in cike da zato. Na rubuta.

Kaka ya zura zoben a zare ya rataya a wuyansa. Daga ranar, duk sanda yatsunsa suka iso ƙarshen igiyar, sai ya tsaya a ƙulli na farko ya yi addu'a, ya matsa na biyu ya yi, ya matsa na uku ya yi. Wata rana ya ji motsina ina zaune shiru kusa da shi, sai ya yi murmushi.

"Ka ƙara mini aiki, ɗan boko. Da sau ɗaya nake yi, yanzu sau uku. Ƙanina dai ya ci riba a hannunka."

Ya yafe mini ke nan, irin yafewarsa. Damina biyu bayan haka Allah Ya karɓi abinsa.

Na yi shekaru da yawa ina koyarwa bayan wannan, na kuma taya masu irin aikin dattijon nan sau da dama, a ƙauye da birni. Abin da na koya a zauren kakana shi nake faɗa wa kowa. In tsoho ya miƙo maka abin da ya gada, kada ka gyara, kada ka goge, kada ka cire ko zare ɗaya, sai ka zauna a ƙasa ka tambayi mai shi mene ne wannan, mene ne wancan. Abin da idonka ya gani dauɗa, wataƙila shi ne rubutun. Ni ba mugunta ce ta sa na yi ɓarna ba, kunyar abin gidanmu ce da ganin na fi masu shi saninsa. Har gobe in ina yi wa mamatanmu addu'a, kowa nakan ambaci inda yake kwance. In na zo kan ƙanin kakana sai in ce, Allah Ka kai rahama kabarinsa a duk inda yake, domin Kai kaɗai Ka san wurin yanzu, kuma da hannuna na jawo haka.